Kalmar da Na Kai wa Taubashina

A shekarun da gyaɗa ke mulkin ƙasar Kano, ni malamin firamare ne a Gwarzo, kuma ni kaɗai nake da babban ƙamus na Turanci a garin. Ko ba ni kaɗai ba ne, haka na ɗauka, haka kuma nake taku. Kyautarsa aka ba ni ranar da muka gama makarantar horon malamai, mai baƙin bango, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Sauran malamai sai sun rasa ma'ana suke buɗe ƙamus. Ni karanta shi nake yi kamar labari, ina farautar kalmomin da ko Baturen da ke zuwa duba makaranta sai ya yi tuntuɓe da su.

Wanda nake kai wa abin da na farauto shi ne taubashina, ɗan goggona, da ke zaune a Kabo tare da ita. Sa'o'in juna ne mu, wata uku kawai ya ba ni. Aji biyu ya yi a elementare ya gudu, ya ce benci yana cizonsa. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji kuwa kowa ya san dokar: zagi halal ne, fushi ne haram. Shi yana ce mini Mai-alli, ni ina ce masa Ɗan-mace. Duk ƙarshen mako sai in hau kekena in je gaida Goggo, in kai mata goro, shi kuma in kai masa kalma ɗaya ta Turanci, tsarabar zagi.

Sai dai yana da sharaɗi. Mu jikokin makiyayi ne, da shanu kakanmu ya zo ƙasar nan, kuma taubashina ya gaji ra'ayinsa na cewa ba a sayen saniya sai an san uwarta. In na jefa masa kalma ba ya karɓa sai ya tambaya, "Wace saniya ta haife ta?" Dole in faɗi daga wane harshe ta fito, me take nufi can gidan ubanta, ta yaya ta shigo garken Turawa. In na kasa sai ya ce tsintacciya ce, in koma da abata. Saboda shi na koyi karanta ƙananan rubutun nan na ƙarshen kowace kalma, inda ƙamus ke faɗin asali.

Tsakanin Gwarzo da Kabo, in ka sauka daga hanya kaɗan, akwai kufan rugar kakanmu. Shekara da shekaru shanunsa suka yi suna kwana a wurin. Da ya rasu aka raba gado, Goggo ta ɗauki nata a shanu, aka ce kufan na mahaifina ne. Ba wanda ya damu da zancen a lokacin, don mahaifina ya riga ya koma cikin Gwarzo ya kama ɗinki, har Allah ya yi masa rasuwa bai waiwayi wurin ba. Sabara da geza suka rufe shi, sai ɗorawa guda a tsakiya. Amma jigawa ce mai laushi, ga takin shanu na shekaru kwance a ƙarƙashi. Da gyaɗa ta yi daraja, manyan motoci suka fara tsayawa a Kabo suna lodin buhuna, duk wanda ya san ƙasa ya san abin da ke kwance a kufan nan.

Ina son wurin, wannan ba ƙarya ba ce. Duk wucewa sai na jingine kekena a jikin ɗorawar, in auna faɗinsa da taku. Har taswirarsa na zana a bayan littafin shirya darasi: nan gyaɗa, gabas gero, nan rumbu, can rijiya. Na ba Goggo labari, na ba taubashina, na ba malaman makarantarmu, matata kuwa har ta haddace. "Bana in Allah ya kai mu bazara zan sa a yi sassabe." Bazara ta zo, sai jarrabawar yara ta taso. Ta sake zagayowa, na ce bari in sami galma ta kirki tukuna. Shekara biyar na yi ina noman wurin da baki, ban kuma taɓa yin asara ba.

A ta shida, wata Asabar da hantsi, na hango hayaƙi yana tashi daga kufan. Na sauka daga hanya na tarar da mutum kusan ashirin 'yan gayya, wasu na sara, wasu na tara itace suna cinna wuta. A gabansu taubashina ne, daga shi sai ɗan wando, gatari a kafaɗa.

"Mai-alli, sauko ka kama mana. Ko kana tsoron allin ya goge?"

"Wa ya ba ka wurin nan?"

"Dagaci. Na kai masa goro na ce ina son saurar nan, ya ce in je in sara. Bara na tambaye ka, ka ce baɗi. Bana na tambayi ƙasar, ta ce ita ta gaji da jira."

'Yan gayya suka yi dariya, ni ma na yi, don dokar wasa ke nan. Na hau kekena na wuce.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Na yi ta jiran ruwa ya ɗauke, bai ɗauke ba. Na ce jigawar za ta yi gara, ba ta yi ba. Gyaɗar ta fito shar, ta rufe kunyoyi, ta yi furenta rawaya, har matafiya suna tsayawa kallo. Na fara zagayawa ta wata hanya mai yashi don kada in gani, in yi ta tura keke ina gumi, sannan a dawowa in biyo ta kufan don in gani ɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya tsara gonar. Gero a gabas, rumbu daidai inda na ce, har ya fara haƙa rijiya a kwarin da na nuna masa da bakina. Taswirata ce ya ɗauka ya shimfiɗa a ƙasa, ni kuma aka bar ni da ta takarda.

Da kaka jakuna suka yi ta jigila daga kufan zuwa sikelin Kabo. Ya yi wa Goggo rufin kwano, ya sayi keke sabo fil wanda ya fi nawa. Ya aiko wa matata kwandon gyaɗa da kwalbar mai, ta yi ƙuli-ƙuli ta kawo mini, na ci ina neman aibinsa ban samu ba. Ranar da na je ganin rufin, Goggo ta ɗaga kai tana kallon kwanon ta ce, "Yau da kakanku yana raye da ya ce ya bar baya." Ba ta ce wa take nufi ba, ba kuma sai ta ce ba. Ƙyashi nake yi, ƙyashi mai ɗaci, irin wanda ke hana mutum amsa amin da ƙarfi in ana yi wa ɗan'uwansa addu'a.

Da rani na tashi neman kalmar da zan soke shi da ita. So nake in sami wadda ke nufin haɗama, mai tsawo, mai nauyi, in kai masa a cikin rigar wasa. Bayan an tashi yara sai in zauna a barandar aji in yi ta bin kalmomin sha'awa ɗaya bayan ɗaya, don Turawa suna da su da yawa, wannan ta tura ka wajen waccan. Ina cikin haka, can kusa da ƙarshen littafin, na faɗa kan wata da ban taɓa gani ba: velleity.

Ƙamus ya ce ita ce matakala ta ƙasa a cikin so. Mutum ya so abu, amma son bai kai ya motsa masa hannu ko ƙafa ba. Na ajiye yatsa a kanta ina neman 'yar'uwarta a Hausa. Kwaɗayi ba haka yake ba, shi yakan kai ka har bakin tukunyar maƙwabta. Buri yakan tashe ka da asuba. Marmari yakan aike ka kasuwa, bege kuwa ko ba komai yakan ramar da mai shi. Duk waɗannan suna da ƙafafu. Wannan ita a kwance aka haife ta, a kwance take tsufa, mai ita kuma yana cin tuwonsa lafiya lau. Ƙananan rubutun suka ce daga Latin ta fito, tsohon harshen Rumawa, daga wata 'yar gajeriyar kalma, velle, wato a so. Malamansu na zamanin da ne suka ƙera ta daga nan.

Ban jahilci wanda aka auna aka ɗinka wa rigar nan ba. Na rufe ƙamus, ban bar barandar ba har mai gadi ya zo rufe azuzuwa. Mai hankali da ya bar ta a inda ya gan ta. Amma wanda ya tsinci kalma irin wannan kamar mace ce da sabon zane, sai an gani. Na kuwa tuna taubashina ya shekara biyu yana cewa zai shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatun boko, bai taɓa leƙawa ba. Na ce to, ga inda zan rataya masa ita.

Na same shi a tsakar gidan Goggo a kan tabarma, yana ɓarar irin gyaɗa a ƙwarya. Na zauna, na ɗebi kaɗan ina ci don in ba shi haushi, sannan na faɗi kalmar, na fassara masa, na kawo zancen ajin da ya ƙi zuwa. Ya gwada faɗinta sau biyu harshensa ya ƙi, ya haƙura.

"To, wace saniya ta haife ta?"

Na gaya masa.

"Ita kaɗai uwar ta haifa?"

Da ma na san zai tambaya, na kuma duba. Na ce a'a, daga tsatson nan ne Turawa suka sami kalmar da suke kiran ɗan sa-kai da ita, wanda ke tashi ya yi aiki ba a sa shi ba.

Ya daina ɓara. "Uwa ɗaya ke nan. Ɗaya ya miƙe, ɗaya ya kwanta. Ai haka ake yi a garke." Ya ɗan dube ni, na ga zagin ya zo masa har baki, zagi mai kyau, wanda na cancanta, wanda da ya faɗa da mun yi dariya an wuce wurin. Sai ya haɗiye. Ya ce, "Mai-alli, gonar nan ta yi mini yawa. Daga ɗorawa zuwa gabas ka ɗauka. An riga an sassabe, an tumɓuke kututture, ga irin nan a gabanka. Ruwa na sauka ka zo da sungumi kawai."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tausayina ya ji, kuma a gaban Goggo, wadda ke kaɗi a bakin ɗaki tana jinmu. Ga shi ya fi ni gona, ya fi ni keke, yanzu kuma ya fi ni kirki. Na yi 'yar dariya na ce yaushe ɗan namiji ya fara karɓar sadaka a gonar ubansa. Ya ce in yi tunani. Tun daga Kabo har Gwarzo tunanin nake yi, amma ba irin wanda yake nufi ba.

Kwana uku bayan haka na zauna na rubuta takardar ƙara da hannuna mafi kyau. Ni da na shekara biyar ban iya sayen galma ba, a yini ɗaya na rubuta, na sake kwafewa, na nemi izinin shugaban makaranta, na tuƙa keke cikin rana tsaka har ƙauyen dagacin da kufan ke ƙarƙashinsa. Ya san ni sarai, don ni nake karanta masa takardun da ake aiko masa da boko. Na faɗi na yi gaisuwa, na miƙa.

Ya juya takardar a hannunsa ya ce in karanta. Da na gama ya ce, "Malam, ka taɓa sa gatari a wurin?"

"Ban sa ba, ranka ya daɗe. Amma gado ne, dattawa sun sani."

 Sannan ya sa rana, ya aika a kira taubashina da dattawa biyu da suka halarci rabon gadon kakanmu.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba. A wurinmu taubashi yakan kai ƙarar taubashinsa gaban mai gari don wasa. Ya ce ya sace masa hula, ko ya hana shi fura, a zauna kamar da gaske, a ci wanda aka kai tarar goro, kowa ya ɗauki ɗaya a watse ana dariya. Mu ma mun taɓa yi sau biyu. Da ɗan aike ya ce wa taubashina Mai-alli ya kai ƙararsa, abin da ya ɗauka ke nan. Ya shigo zauren dagaci da sabuwar riga, aljihu cike da goro, fuskarsa duk fara'a. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na amsa laifi tun kafin a karanta. Ga tarar na zo da ita, don na san wannan da yunwa ya taho." Ya zube goron a gaban dagaci.

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi dattawan, suka sunkuyar da kai. Ya dubi takardar da ke kan buzun dagaci, sannan ya dube ni. Har yau ina ganin yadda murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa, yana jiran in ƙyalƙyale. Ni kuwa na kafa ido a ƙasa.

Dattawan suka faɗi gaskiya, cewa ranar rabo an ce kufan na mahaifina ne. Dagaci ya ce shi da ya ba da wurin saura ya gani ya bayar, kuma wanda ya sassabe yana da hakkin guminsa. Ya ce tunda 'yan'uwa ne a raba biyu, kowa ya ɗauki rabi, a yi fatiha. Rabin da aka ba ni a tsakar gidan Goggo ba tare da ko sisin kunya ba, shi aka sake miƙo mini.

Kafin in buɗe baki taubashina ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. A bar wa Malam duka. Gonar ubansa ce. A dai ba ni kwana bakwai in kwashe abin da ke rumbu."

Tun muna yara bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Ya tashi ya fita, ya bar goron a zube.

Bai yi ƙorafi ga kowa ba. Ya sami wani daji can bayan Kabo, mai tsakuwa, wanda kowa ya raina, ya sake kiran gayya. Shekara biyu ya sha wuya, a ta uku gyaɗa ta amsa masa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, na kuwa zuba masa da hannuna. Na ci gaba da zuwa gaida Goggo, tana amsawa a taƙaice ba ta daina kaɗi ba. In taubashina ya tarar da ni sai ya rusuna ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ya yara 'yan makaranta, kamar yadda ake gaida baƙon da ake girmamawa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na kai masa wata kalma. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah ya ƙara sani, Malam."

Gonar kuma ta zama tawa duka, da rumbu da rijiyar da ba a gama ba. Na sayi galma, na sayi iri. Ruwan shuka ya sauka ranar Talata, na ce sai Asabar. Asabar aka aiko cewa mai duba makarantu yana tafe. Kunyoyin da taubashina ya bari suna nan a miƙe, huɗa kawai suke jira, har ciyawa ta haye su. Irin da na saya matata ta soya wa yara. Damina ta biyu ma haka, da wani dalilin, mai kyau kamar na farko. A lokacin ne na gane kalmar da na kai Kabo rabina kawai ta faɗa. Son gonar bai taɓa ɗaga mini hannu ba, gaskiya ne. Amma akwai wani so a cikina mai ƙafafu, wanda ya iya rubutu, ya iya tuƙa keke cikin rana, wato son kada ta zama tasa.

A bazara ta uku dagaci ya aiko mini. Ya ce mutane suna ta neman ƙasa, bai kamata jigawa irin wannan ta zauna ba. In ba zan noma ba, in yarje masa ya mayar wa ɗan goggona, ko ba komai a gyara zumunci tun tsohuwa tana da rai. Magana ce ta dattako, kuma ƙofa ce ya buɗe mini. Na ce wa ɗan aiken zan zo da kaina.

A hanya na biya ta kufan. Sabara ta sake tohowa har ta kai ƙugu. Jinkar rumbun ta rufta, rijiyar ta cika da yashi, awakin wani suna kiwo a inda gyaɗa ta taɓa rufe ƙasa. Na tsaya riƙe da keke ina kallo, ina jiran kunya ta kama ni. Ta zo daga baya, ba ta kuma tafi ba har yau da nake rubutun nan. Amma abin da na fara ji sanyi ne, sanyi har cikin ƙirji, don ba gyaɗarsa ce a wurin ba.

Na hau keke na ƙarasa wurin dagaci, na faɗi na yi gaisuwa, na ce a bar mini gonata.